Tsakanin Amo da Kunne: Abin da Ke Sa Amfilifaya Mai Kwalba Ta Saɓa Alkawari a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a sha'anin kiɗa sau da yawa ji ne ke korar gani. Kayan kiɗa komai kyansa a ido, kuma komai tsadarsa a kasuwa, ba ya cin jarrabawa sai a kunne. Saboda haka ba ƙaramin takaici ba ne makaɗi ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi na'urar ƙara sauti wadda duniya ke yabo, sa'an nan ranar da ya girke ta a gaban jama'a ta ba shi kunya.

A ƙaddara wani matashi ne mazaunin Gummi, wanda ya koyi kaɗa jita ta hanyar sauraron makaɗan Agadas irin su Bombino a wayarsa. Gab da Babbar Salla ya sayar da ragunan da ya kiwata, ya nufi kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya sayo amfilifaya ta hannu, irin mai kwalabe, wadda aka haɗa ta da lasifika a cikin akwati guda. Da ya kunna ta a ɗaki sai ya ji sauti ya fito a dushe, ba irin zaƙin da ya saba ji a waya ba. Ya yi haƙuri har ranar da aka gayyace shi wani biki a Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum. Aka ta da janareto, aka soma kiɗa. Kafin a yi sa'a guda sai akwatin ya kama gunji, daga nan fito, daga nan ƙauri, sai kuma shiru. Mai gyaran rediyo da aka kai wa a Anka ya buɗe, ya duba, ya ce kwalba ce ta mutu, kuma sai an aika Kano ko Legas kafin a sami irinta.

Wannan labari misali ne, amma babu wani ɓangare nasa da ba shi da dalili a kimiyyance. Jita dai ba ta yawaita a wannan yanki ba, to amma na'urar ƙara sauti ta shiga ko'ina: masallatai, makarantun Islamiyya, motocin masu tallar magani, da majalisun masu kukuma da goge. Don haka darasin da ke cikin wannan al'amari ya shafi jama'a da yawa, ya shafi aljihunsu, ya kuma shafi lafiyar kunnuwansu.

Asalin Kwalbar da Yadda Take Aiki

A shekarar 1904 ne wani masani ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera kwalbar lantarki ta farko, wadda mutanen ƙasarsa suke kira bawul. Bayan shekara biyu, wato a 1906, Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara mata wata 'yar ragar waya a tsakiya, kuma wannan raga ce ta mayar da ita na'urar da ke iya ƙara ƙarfin sauti. Kusan shekara hamsin kwalba tana mulki a cikin rediyo da majigi da tangaraho. Dattawa za su iya tuna manyan akwatunan rediyo na katako waɗanda in an kunna su sai an jira su ɗauki zafi kafin su yi magana. A 1947 aka ƙirƙiro tiransista a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, ita kuwa ƙarama ce, ba ta fashewa, ba ta kuma cin wuta da yawa. Ita ce ta ba Bafulatani da manomi damar rataya rediyo a kafaɗa.

Ita kwalba gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiyarta akwai wani ƙarfe da ake gasawa da lantarki har zafinsa ya kai wajen digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya yi ja sai ya riƙa fesar da ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa wani faranti da aka ɗora wa wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500. Ragar da ke tsakaninsu aikin mai tsaron ƙofa take yi. 'Yar ƙaramar wutar da ke fitowa daga jita ita ke gaya wa ragar ta buɗe ko ta tsuke, ta haka sai kwararar babbar wuta ta kwaikwayi kaɗawar tsirkiya sak, amma da ƙarfi ninkin ba ninkin. Daga nan taransifoma ta karɓa ta miƙa wa lasifika, lasifika ta tura iska, iska ta kai kunne.

Ko da yake tiransista ta kori kwalba daga kusan kowane fage, makaɗan jita sun ƙi rabuwa da ita. Akwatunan da Leo Fender ya ƙera a Amurka, da waɗanda Jim Marshall ya soma yi a Landan a 1962, da kuma Vox AC30, su ne suka haifar da amon da aka saba ji a fayafayen kiɗan zamani. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne kunne ke ji a cikin kwalba har ya fifita ta?

Uwar Amo da 'Yan Amshinta

Duk wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru ya san cewa waƙar fada ba muryar mutum ɗaya ba ce. Jagora ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, kuma daɗin waƙar yana ga yadda muryoyin suka dace da juna. To, haka kowane sauti na kayan kiɗa yake. Idan aka taɓa tsirkiyar da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, ba wannan amo kaɗai ke fita ba. Tare da shi akwai wasu ƙanana masu kaɗawa sau 220, da 330, da 440, har sama. Na farkon shi ne uwar amo, sauran kuwa 'yan amshinta ne. Yawan 'yan amshin da ƙarfin kowannensu shi ke sa a bambance kukuma da algaita ko da suna busa amo ɗaya. Masanin nan ɗan Jamus, Hermann von Helmholtz, wanda likita ne tun farko, shi ya bayyana wannan dalla-dalla a littafinsa na 1863.

Kowace amfilifaya, idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, takan ƙara wasu 'yan amshi na ƙashin kanta. Bambancin shi ne irin waɗanda take ƙarawa. Kwalba takan gaji ne a hankali, tana lanƙwasa sautin sannu-sannu, kuma 'yan amshin da take haifarwa galibi na kusa da uwa ne, irin na biyu da na uku, waɗanda kunne ke karɓa a matsayin kauri da ɗumi. Tsofaffin na'urori masu tiransista kuwa sukan datse sautin ne farat ɗaya, su haifar da 'yan amshi na can nesa, irin na bakwai da na tara, waɗanda ke karo da uwar, kunne ya ji su kamar kartar ƙarfe. Wani injiniya mai suna Russell Hamm ya buga bincike a kan wannan bambanci a 1973, kuma har yau ana kafa hujja da shi.

A nan ne takaicin farko yake ɓuya. Zaƙin da ake yaba wa kwalba da shi ba ya fitowa sosai sai an buɗe ta har ta soma gajiya. Akwati mai ƙarfin wat 30, in an kai shi wannan matsayi, ƙararsa ta fi ƙarfin ɗaki, ta fi ƙarfin zaure. Wanda ya kunna shi ƙasa-ƙasa don gudun damun maƙwabta, ya sayi ingarma ne ya ɗaure shi a turke.

Na biyu, amon da ake ji a faifai ko a waya ba na akwatin kaɗai ba ne. An ɗauke shi ne da makirfo na musamman, a ɗaki na musamman, sa'an nan aka tace shi. Shi ma wurin da aka kunna akwatin yana da nasa hannu. Bangon ƙasa yakan shanye kaifin sauti, rufin kwano ya mayar da shi da amsa-kuwwa, a fili kuwa, inda ake yawancin bukukuwa, babu bangon da zai dawo da kaurin amon, musamman da yake irin waɗannan akwatuna galibi bayansu a buɗe yake.

Na uku, amfilifayar jita an gina ta ne domin jita. Lasifikarta ba ta fitar da abin kirki sama da kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, alhali haruffa irin su “s” da “sh” da “ts” suna buƙatar abin da ya kai haka ko ya zarce. Shi ya sa in aka sa mata makirfo don wa'azi ko sanarwa, magana kan fito kamar daga cikin randa. Haka nan maganaɗisun da ke ɗaukar sautin jita tsirkiyar ƙarfe kaɗai yake ji. Kukuma irin ta marigayi Hassan Wayam, da goge, tsirkiyarsu izgar doki ce, don haka sai dai a liƙa musu makirfo a jikin ƙoƙo, kuma wannan haɗi ba kasafai yake dacewa da mashigar akwatin jita ba.

Zafi, Ƙura da Wutar da Ba Ta Tsayawa

Kwalba tanda ce ƙarama. Irin wadda ake kira EL84, gasa ƙarfen cikinta kawai yana cin kusan wat 5, kuma akwati mai wat 30 yakan ɗauki guda huɗu, ban da ƙananan. Ke nan tun kafin a taɓa tsirkiya ana ƙona wajen wat 20 a matsayin zafi zalla. Gilashin manyan kwalabe yakan haura digiri 200. An tsara waɗannan akwatuna ne a ƙasashen da zafin ɗaki ke kaiwa digiri 20 zuwa 25. A Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa.

Abin da zafi ya fi yi wa illa shi ne kwandansa, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta yana tace ta. A cikinta akwai wani ruwa wanda ke bushewa sannu a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Wadda za ta yi shekara goma a digiri 40, shekara biyar za ta yi a digiri 50, biyu da rabi a digiri 60. Akwatin da aka sayo na hannu kuwa ya riga ya ci rabin ransa a wata ƙasa. Gunjin nan mai kauri da ake ji ko ba a kaɗa komai ba, yawanci alama ce ta kwandansa ta bushe.

Da hunturu ya kama sai ƙura ta karɓi aiki. Takan shiga cikin maɓallan da ake murɗawa, shi ya sa ake jin ƙarar “ƙaras-ƙaras” in an taɓa su. Takan kuma kwanta a gindin kwalabe. Muddin a bushe take da sauƙi, amma da damina ta sauka, laima ta jiƙa ta, sai ta zama hanyar da wuta mai bolt 400 za ta bi ta yi tsalle daga wannan ƙafa zuwa waccan, ta bar gawayi a wurin. Garuruwan da ke bakin Gulbin Zamfara sun san laima, kuma ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024 ta nuna yadda ruwa ke iya shiga har cikin ɗakuna.

Babban abokin gaba dai shi ne rashin daidaiton wuta. Ma'aunin Nijeriya bolt 230 ne, kuma duk wutar da ke cikin akwatin tana hawa da sauka ne tare da ta bango. A ɗauka akwatin yana ba farantin kwalba bolt 450, yana kuma gasa ta da bolt 6.3. Idan wuta ta faɗo zuwa 180, farantin zai sami wajen 350, magasar kuma ƙasa da bolt 5. Sakamakon haka ƙarfin akwatin zai ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, amon ya yi laushi ya dagule, makaɗi ya ce an cuce shi. Idan kuma ƙaramin janareto ya yi tsalle zuwa 260, kamar yadda yakan faru sa'ad da aka kashe wani babban kaya da ke jikinsa, farantin zai haura bolt 500, wanda shi ne iyakar abin da kwandansa da yawa ke iya ɗauka. Daɗin daɗawa, akwatin da aka yi domin Amurka bolt 120 yake sha, kuma taransifomarsa an naɗa ta ne don wuta mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. Ta Nijeriya sau 50 take juyawa, don haka ko an rage masa wutar, taransifomar takan fi yin zafi.

Shi kansa tsarin haɗa lasifika da kwalabe a akwati guda yana da nasa aibi. Lasifika na girgiza, kwalabe na rataye a bayanta, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. A ƙara da tafiya a bayan babur daga Daki Takwas zuwa ƙauyuka. Ƙananan wayoyin cikin kwalbar sukan saki, sai ita kanta ta koma makirfo, tana jin girgizar lasifika tana mayar mata, har abin ya zama fito mai huda kunne. Sauya ta kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, domin masana'antun da suka rage suna yin ta kaɗan ne, mafi shahara suna Rasha da Sulobakiya da Sin. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, kwalba ta yi ƙaranci a kasuwannin duniya, farashinta ya tashi.

Baƙin da Ba a Gayyata Ba

Akwai wani ɓangare da littattafan injiniyoyin Turai ba su cika kula da shi ba, amma kowane mai gyara a karkara ya san shi. Akwati mai duhu, mai ɗumi, mai ƙofa a baya, masauki ne ga ƙananan halittu. Tsaka, da yake zafin jikinta ya dogara ne ga na muhallinta, takan nemi ɗumin taransifoma a daren hunturu, kuma idan jikinta ya haɗa wayoyi biyu sai ta hallaka, ta hallaka na'urar. Kyankyaso yakan bar kashi da ƙwai a kan allon wayoyi, waɗanda ke jawo laima da tsatsa. Ɓera haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin ransa, don haka dole ya riƙa gwaguyar abu, robar waya kuwa ta yi masa daidai. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a kusurwar lasifika. Gara takan ci katakon akwatin da aka ajiye a ƙasa, ita kuma funfuna takan kama takardar lasifika da damina ta sa ta yi laushi. Sau da yawa abin da ake ɗora wa maƙera laifinsa, aikin waɗannan baƙi ne.

Amfilifayar da Ke Cikin Kunne

Duk abin da aka faɗa a baya rabin labari ne, domin amo ba a cikin akwati yake ƙarewa ba. Sauti yakan bugi dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa uku da aka sa wa suna saboda siffarsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta wajen milimita 3. Ita ke tura ruwan da ke cikin wani bututu mai naɗi kamar katantanwa, wanda in an miƙe shi bai wuce milimita 35 ba. Georg von Békésy, wanda ya sami lambar Nobel a 1961, ya nuna cewa kowane amo yana da mazauninsa a cikin katantanwar: masu kaifi a bakin ƙofa, masu kauri a can ƙurya.

A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi iri biyu. Na ciki, kimanin 3,500, su ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Na waje, kimanin 12,000, aikinsu abin al'ajabi ne: suna miƙewa suna tsukewa daidai da kaɗawar sauti, suna ƙara masa ƙarfi. Wato dai Mahalicci ya sanya amfilifaya a cikin kowane kunne. A 1978 David Kemp na Landan ya tabbatar da cewa lafiyayyen kunne yana fitar da ɗan sauti nasa na kansa, kuma da wannan ne asibitoci ke gwada jin jarirai a yau. Ita ma wannan amfilifaya tana ƙara 'yan amshinta. Tun a ƙarni na 18 wani mai goge ɗan Italiya, Giuseppe Tartini, ya lura cewa in ya kaɗa amo biyu tare yakan ji na uku wanda ba shi ya kaɗa ba.

Daga wannan za a fahimci abubuwa biyu. Na ɗaya, kunne ba ma'auni ne tsayayye ba. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya jin kaurinsa sosai, ya fi jin abin da ke tsakanin kaɗawa 2,000 zuwa 5,000. Saboda haka akwati ɗaya yakan yi kamar ya rame da dare in an rage shi, ya yi kamar ya cika da rana in an buɗe shi. Na biyu, kunne yana gajiya. Bayan sa'a guda a gaban lasifika, ƙwayoyin waje sukan yi sanyi, musamman masu jin kaifi. Makaɗi sai ya ji kamar akwatin ya dushe, ya ƙara murɗa maɓalli, kunnen ya ƙara gajiya, ya sake murɗawa. Yana zargin na'ura, alhali kunnensa ne ke kuka.

Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya nuna cewa kunne na iya jure desibel 85 na tsawon sa'a takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 sa'a huɗu, 91 sa'a biyu, 100 minti goma sha biyar. Akwati mai wat 30 in an buɗe shi duka yana iya haura desibel 110 a tazarar mita ɗaya, inda lokacin da aka amince da shi bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba. Ke nan matsayin da kwalba ke ba da zaƙinta shi ne matsayin da kunne ke cutuwa. A 1988 masana suka gano cewa tsuntsaye suna iya sake tsirar da ƙwayoyin jinsu in sun lalace. Ɗan Adam ba ya iyawa. Kwalbar da ta mutu ana iya aikawa Kano, ƙwayar kunne kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita. Ƙarar “shuuu” da mutum ke ji bayan an tashi daga biki gargaɗi ne, jiki magayi.

Wannan gargaɗi ya fi muhimmanci a yankin da kunnuwa ke fuskantar wasu haɗura. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Zamfara a 2017, yakan bar wasu da kurumta. Haka nan wasu magunguna, irin su allurar jentamaisin, suna iya kashe ƙwayoyin ji idan aka yi amfani da su ba bisa umarnin likita ba.

Dalma da Wutar da Ke Kwance

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a gaya musu illar dalma. A 2010 aka gano cewa sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya gurɓata ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, kuma yara sama da 400 suka rasu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dalma tana taɓa jijiyar ji. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1987 ya nuna cewa yaran da dalma ta yi yawa a jininsu jinsu yakan ragu. Ƙarfen liƙin da ke cikin tsofaffin na'urori kuwa kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma, haka kuma batirin mota da ake kunna lasifika da shi cike yake da ita. Don haka ya wajaba mai gyara ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro, ya hana yara wasa da ɓarɓashin liƙi, kuma kada a fasa tsohon batir a tsakar gida.

Haɗari na biyu shi ne wutar da ke kwance. Kwandansar amfilifaya mai kwalba tana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare ta daga bango, kuma wannan ya isa ya tsayar da zuciya. Wanda ya saba da gyaran rediyo mai batir kada ya ɗauka duk ɗaya ne. Sai an sauke wutar, an kuma auna an tabbatar, kafin a sa hannu.

Shawarwari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar saye ya fara tambayar kansa abin da zai yi da na'urar. Idan don magana ce, ko kukuma, ko masallaci, amfilifayar zamani mai tiransista ta fi dacewa, kuma akwai masu aiki da batir da hasken rana waɗanda ke mayar da kusan kashi 90 na wutar da suka sha zuwa ga lasifika. Idan kuwa lalle kwalba ake so, ƙarama mai wat 5 zuwa 15 za ta ba da zaƙinta ba tare da ta kai ƙarar babba ba. A gwada ta da jitar da za a yi aiki da ita, a bar ta a kunne rabin sa'a, a ɗan ƙwanƙwasa akwatin a saurara, a kuma duba bayanta a ga ko bolt 230 aka rubuta.

Wanda ya riga ya mallaka ya haɗa ta da sitabilaiza, kada ya kunna ta sai janareto ya daidaita, kuma ya kashe ta kafin a kashe shi. Kada a taɓa kunna ta ba tare da lasifika a haɗe ba, domin hakan na ƙona taransifoma. A ajiye ta a inuwa, nesa da bango, a kan benci. A bar ta ta huce kafin a ɗauka, a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki, a kuma riƙa leƙa cikinta. Makaɗi ya tsaya a gefen lasifika maimakon gabanta, ya riƙa ba kunnensa hutu, sa'an nan a nisantar da yara daga bakinta.

Kammalawa

Amfilifaya mai kwalba ba yaudara ba ce, zaƙin da ake yaba mata da shi gaskiya ne, kuma kimiyya ta san dalilinsa. Sai dai an haife ta ne a ƙasar sanyi, mai tsayayyiyar wuta, inda kayan gyaranta ke kusa, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya kawo ta gaɓar Gulbin Zamfara dole ya tanadar mata abin da ta saba da shi, ko kuwa ya zaɓi wadda ta dace da wurin. Ragunan da aka sayar ana iya kiwata wasu kafin wata Sallar, kwalba ma ana iya samo ta komai daɗewa. Abin da ya kamata makaɗi da mai sauraro su fi tattalawa shi ne ƙwayoyin nan 12,000 da ke cikin kowane kunne, waɗanda ake haihuwar mutum da su, kuma su ne zai yi amfani da su har ƙarshen rayuwarsa.